Katin da Aka Kama a Hanyar Safana

A shekarun da daji ya lalace, manoma suka daina nisa da gari, ina koyarwa a wata firamare a Batsari, in an tashi kuma in taɓa sana'ar ɗaukar bidiyo. Kyamarata mai kyau ce, amma kwamfutata ta tsufa. Tana yanka hoto, sai dai in aka zo gyaran kala da sauti sai ta ɗauki zafi ta tsaya cak. Wannan ɓangaren wani abokina ne da ke Safana yake yi mini, shi ma malami, tare muka yi makaranta.

Wata ƙungiyar manoma ta ba mu aikin ɗaukar amfanin gonarsu a Karare da Zakka da Babban Duhu, don su nuna wa masu tallafin taki. Da na gama ɗauka na kwafa wa abokina duk hotunan, shi ke nan ba sai mun riƙa aika wa juna bidiyo mai nauyi ba. In na yanka, sai in fitar da wani ɗan fayil daga manhajar da nake yankan bidiyo da ita, wanda muke kira takardar yanka. Babu hoto a ciki, rubutu ne zalla: sunan kowane guntun bidiyo, da lambobin inda ya fara da inda ya ƙare. Shi kuma ya shigar da ita a tasa manhajar, hotuna su jeru yadda na jera su.

Lokacin an yanke layin waya a yankinmu, don haka na zuba takardar a katin memori na ba wani direba ya kai masa. Ban kawo komai a raina ba. A kwanakin nan kuwa kowa na zargin kowa. An ce 'yan bindiga na da masu kai musu rahoto a cikin gari, har mai sayar da burodi da yawa sai an bi shi da kallo.

Bayan la'asar ina shagon da nake aikin bidiyo sai ga 'yan sa-kai sun taso direban a gaba. Shugabansu dattijo ne, manomin gyaɗa, na san shi a masallaci. Na gaishe shi, na tambayi gida da iyali. Ya amsa a gajarce, ya ƙi zama.

"Malam, wanga kati naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

Ya miƙa wa wani na gefensa waya. Ashe a shinge suka caje direban, suka sa katin a waya, fayil ɗin ya buɗe. Mutumin ya fara karantawa da ƙarfi: "Karare, rumbuna. Zakka, garken shanu. Babban Duhu, hanyar rafi." Kowane layi da jerin lambobi a gabansa.

Sai a lokacin na ji sunayen da kunnen wani. Ni na raɗa wa guntayen sunayen don in riƙa gane su, amma ga wanda aka kore wa shanu, wannan ba ta da maraba da wasiƙar ɓarayi.

"Lambobin ga fa?" in ji dattijon. "Yawan shanu ne, ko lokacin da za su shigo?"

Mutane sun fara taruwa a ƙofa. Na hango mahaifin wata ɗalibata, ya kau da kai. Na ce, "Baba, baki ba zai wanke ni ba. Ku bari in kunna inji ku gani da idonku."

Na tayar da janareto, na sa katin, na shigar da takardar. Allon ya cika da jajayen akwatuna, babu hoto ko ɗaya. Wani ya ce, "Kun gani, ya goge!" Sai na tuna ban jona faifan da hotunan ke ciki ba. Na jona, na nuna wa manhajar inda suke. Jajayen suka riƙa juyewa ɗaya bayan ɗaya: ga mata suna sussukar gero, ga shugaban manoma yana bayani, ga shanu suna shan ruwa. Na nuna musu lambobin da ke gudu a ƙasan allo, na ce su ne na cikin takardar.

Dattijon ya kalla har ƙarshe. Sannan ya ce in mayar da bidiyon wajen shanun.

"Na ƙanena ne," ya ce. "Ga tsamiyar da ke bayan gidansa nan. Wa zai kalli wanga abu?"

"Masu tallafi, Baba."

"Daga hannunsu sai hannun wa?"

Ya sa na cire shanun, na cire rumbunan, na cire duk inda hanya ta fito sarai. Na sake wa guntayen suna da lamba kawai, na fitar da sabuwar takarda. Wannan ya ja mini wani aikin, domin sunayen sun daina dacewa da na wajen abokina. Sai da na shiga mota da kaina ranar kasuwa, muka zauna muna haɗa su ɗaya ɗaya, yana ta mitar cewa bidiyon noma babu rumbu kamar tuwo ne babu miya.

Manoman sun karɓi aikin a haka, wasunsu ma sun ce gara da aka cire. Ba a sake kira na kan maganar ba, amma ba a taɓa cewa an wanke ni ba. Direban ya daina karɓar saƙona. Har aka yi mini canjin wurin aiki, in na ratsa kasuwa da kyamara a kafaɗa, nakan ji hira ta lafa sai na wuce.