Rigar Ofis ta Baba Bala

A Gidan Ɗinya, wani ƙauye da ke tsakiyar gonakin gero da gyaɗa a arewacin Ɗanbatta, kowa da sana'arsa ta rani. Wani dillancin awaki, wani ɗinkin hula. Shi kuwa Baba Bala, sana'arsa amsa tambaya.

Wata shekara ce motar jami'a ta sauke ɗalibai a ƙofar mai unguwa, suna neman dattijon da za su yi wa tambayoyi. Mai unguwa mutum ne mai rowar magana, sai ya ce, "Ku je gindin tsamiya, Bala na can. In kuka yi masa tambayar da ta sa shi shiru, ku dawo in ba ku akuya." Ba wanda ya dawo karɓar akuya.

Nan da nan Bala ya gane ɗalibai kamar kaji suke, kowace da irin tsabar da take so. In 'yan Tarihi ne, sai ya ƙara wa kansa shekaru, ya ce da wuyansa ya hau da buhu kan dalar gyaɗa, alhali lokacin ko kaciya ba a yi masa ba. 'Yan sashen Hausa karin magana suke nema. In na gado suka ƙare ya ƙera sababbi nan take, su rubuta suna jinjina kai. 'Yan Kimiyyar Siyasa so suke ya zagi ɗan majalisa, sai ya zagar musu har da gyara. 'Yan Falsafa sun taɓa tambayarsa mece ce rayuwa, ya ce su bari ya gama shan furarsa tukuna. Mutanen gari kuma suka koyi doka ɗaya: in Bala na kan aiki, ko cewa ya yi shi ya haƙa kogi, ba a sa masa baki.

Manyan abokan cinikinsa dai su ne 'yan Nazarin Zamantakewa, su kuma talauci suke saye. Zuwansu na farko Bala ya fito tsaf-tsaf, malaminsu Dakta Kamaruddeen ya yamutsa fuska ya ce, "Baba, ba ka da wadda kake zuwa gona da ita?" Bala ya shiga gida ya janye tsummar rigar da matarsa Lauratu ta shimfiɗa wa kaza mai kwanci, ya kakkaɓe ya saka. Dakta ya ce madalla, aka yi ta ɗaukar hoto. Tun ranar aka kafa wa rigar ƙusa a zaure, Lauratu ta raɗa mata suna rigar ofis. Ba wai Bala mai kuɗi ba ne, amma rumbunsa bai taɓa ganin ƙasansa ba, kuma yana da shanun huɗa biyu, waɗanda ake kai su gidan ƙanensa su wuni duk ranar da Dakta zai zo.

Ɗaya daga cikin shanun nan ya sayar lokacin da autansa Zubairu ya sami gurbi a jami'a, a sashen Daktan nan kuwa, ya kama ɗaki a unguwar Rijiyar Zaki, kusa da jami'ar. Daga nan burin Bala ya zama ɗaya tak: ranar da ƙofar motar nan za ta buɗe, ɗansa ya sauko cikin ɗalibai, ya nuna shi a gaban kowa ya ce, "Wannan babana ne."

Wata kaka, bayan an gama ɗaurin gero, mai unguwa ya aiko cewa ajin su Zubairu ne masu zuwa. Bala ya tafi kasuwar Ɗanbatta ya yanko shadda, aka ɗinka masa babbar riga. Lauratu ta sa aka yanka zabbi, ta yi dambu, ta dama fura. Shi kuma ya bi gida-gida yana cewa, "Ku fito ku ga yadda ake yi wa mutum tambaya da ɗan cikinsa."

Mota ta tsaya. Zubairu ne ƙarshen saukowa, ya ja hula har gira, idonsa na kan takalminsa.

"Kai, ga Baba Talauci!" in ji wani ɗalibi, Jamil. "Yau sallah yake yi!"

Dakta ya riƙe haɓa. "Baba Bala, wa ya ɓata mana kai haka? Ina rigar aiki?"

"Dakta, yau babban baƙo gare ni," Bala ya ce, yana murmushi yana leƙen bayan ɗalibai.

Sai Zubairu ya yi wuf ya ce, "Dakta, bari in raka tsohon ya canzo."

A bayan rumbu Zubairu ya tsaya, ko durƙusawa bai yi ba. "Baba, don girman Allah ka rufa min asiri. Ranar da na fara shiga aji, hotonka aka haska a bango, da rigar nan. Aji ya kwashe da dariya, aka sa maka suna. Ni ma na yi dariyar. Na ce musu babana Alhaji ne mai fataucin shanu a Shanono. In suka sani yau, Ɗan Talauci zan amsa har in gama."

"To ai ga shadda, Zubairu. Ka gaya musu wasa nake yi."

"Da wasan naka mutane suka ci jarrabawa, Baba. Wa zai yarda? Kuma kai ka sa rigar, ba ni na sa maka ba."

Bala ya laluba cikin karin maganarsa, na gado da na ƙira, bai sami ko ɗaya ba. Ya shiga zaure ya miƙa hannu wajen ƙusa.

Da ya zauna a gindin tsamiya cikin tsummansa, Dakta ya ce, "Yawwa, yanzu na ga Baba Bala. Zubairu, kai za ka yi tambayoyin, Hausarka ta fi ta kowa ƙamshin ƙauye." Aka yi dariya. Maƙwabta na tsaye a gefe, suna bin dokarsu.

Zubairu ya kara waya kusa da bakin ubansa. Ya tambayi sunansa. Ya tambayi sau nawa ake ɗora tukunya a gidansa, ƙamshin zabbin Lauratu na tsallako danga. Bala ya ce sau ɗaya.

"Cikin 'ya'yanka, akwai wanda ya yi karatun boko mai zurfi?"

Bala ya ɗago ya dube shi. Ya ba shi lokaci, irin wanda ake ba yaro mai koyon tafiya. Zubairu na kallon waya.

"Babu," in ji Bala.

"Allah sarki," wata ɗaliba mai suna Zakiyya ta ce. "Baba, me ya hana ka sa ko ɗaya?"

Bala ya buɗe baki ya rufe. Aka jira, aka jira. Can daga baya Basiru mahauci ya ɗaga murya: "Mai unguwa, a kwanto akuya!" Gari ya ɗauka da shewa. Dakta ya ce ɗalibai su lura, shirun talaka ma bayani ne, su rubuta. Suka rubuta.

Zabbi ba su fito ba, don gidan da ake ɗora tukunya sau ɗaya ba ya yanka zabo. Da za su tafi, Dakta ya sa aka tara ragowar burodin guzuri, ya ce Zubairu ya miƙa wa tsoho. Ya miƙa. Bala ya karɓa da hannu biyu, kamar yadda ya saba, ya ce, "Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, ɗan samari."

Har yau ɗalibai na zuwa, Bala na amsawa yana karɓar ɗan abin goronsu, don sauran karatun Zubairu na nan, sauran san huɗa kuma ɗaya ne. Yaran gari kan bi shi da "Baba, me ya hana?" Babbar rigar kuwa, da yammacin ranar nan ya tarar da ita a yashe a zaure, ya ɗauka ya miƙa wa Lauratu ya ce ta biya kaza bashinta. A duk faɗin Gidan Ɗinya, kazar Lauratu ce kaɗai ke kwanci a kan shadda.