Kawu Ya Hau Dutsen Wuta Ba Takalmi

Mun fito daga unguwarmu Misfala a Makka ana idar da sallar asuba, mu uku: ni, da kawuna, da wani abokina tela. Ina saɓe da salkar ruwa, tela yana rungume da ƙunshin gurasa da dabino, Kawu kuwa hannu rabbana, don a cewarsa ranar da ba aiki ya fito ba ko allura ba ya ɗauka. Dutse mai aman wuta za mu je mu gani, mu hau shi, mu dawo gida mu kwana.

Asalin maganar daga teburin shayina ta taso. Bara akwai wani alhaji mutumin Jawa da ya daɗe a unguwarmu, kullum sai ya zo ya sha shayi. Shi ya ba mu labarin cewa a ƙasarsu mutum yakan shiga jirgin ƙasa da safe, ya sauka a gindin dutsen da ke hayaƙi, ya hau ya leƙa bakinsa, ya koma gida kafin magariba. Abin ya tsaya mini a rai. Mu a nan ba mu da jirgi, na Turkawa da ya taɓa zuwa Madina ya mutu tun ban yi wayo ba. Amma dutsen muna da shi, in ji wani direban lori mai kawo mana gawayi. Ya ce in an wuce Wadi Faɗima aka yi arewa, akwai wata ƙasa baƙa ƙirin wadda Larabawa ke kira harra, wuta ce ta yi amai tun zamanin da, aman ya daskare ya zama dutse. A cikinta akwai wani tudu mai rami a ka. Ya yarda ya sauke mu kusa da shi da hantsi, ya ɗauke mu bayan la'asar in ya yi lodi.

Direban ya ba mu shawara mu nemi Badawin wurin, wato Balaraben daji, ya yi mana jagora. Muka ƙi. Mu da muka tashi a Makka muna nuna wa baƙi hanya, a ce wani ne zai riƙe mana hannu a kan tudu? Da kanmu muka shirya komai, kuma ni ne uban tafiya.

Kawu ba ni na gayyace shi ba, shi ya gayyaci kansa. Ƙanen mahaifiyata ne, furfura ta gama cin gemunsa, sana'arsa ɗaukar shibriyya. Shibriyya wani ɗan gado ne na katako da mutum huɗu ke ɗauka a ka, su zaga Ka'aba da tsoho ko majinyacin da ba zai iya ɗawafi da ƙafarsa ba. Kawu ne ke riƙe da kusurwar gaba ta dama tun kafin a haife ni. Aikin ba a yin sa da takalmi, saboda haka tafin ƙafarsa ya yi kauri kamar fatar ƙirgi, kuma ba abin da yake taƙama da shi kamar wannan. To lokacin aikin haji ya gabato, jiragen ruwa sun fara sauke alhazai a Jidda, kuma abin da ɗan dako ya samu a waɗannan makonni shi gidansa zai ci har shekara. Ga samari majiya ƙarfi suna jiran gurbi. Duk wanda ya kasa fitowa a lokacin, shugaban 'yan dako zai ba wani kusurwarsa, tsoho kuwa ba a cika mayar masa ba. Shi ya sa matar Kawu ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Ka kula mini da shi. Ƙafar nan tasa ita ce gonarmu."

A unguwar Jarwal muka sami lorin. Muka hau baya muka zauna a kan buhunan gawayi da aka zazzage, kafin mu fita gari fararen rigunanmu sun koma wani abu dabam. Tela ta Sudan iyayensa suka biyo, ya shiga jirgin ƙasa yana yaro, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce jirgi ba ya haka. Jirgi yana da kujera, yana da lokaci, yana yin kuka kafin ya tashi. Lorinmu kuwa lokacinsa shi ne lokacin da direba ya ƙoshi da hira.

Wadi Faɗima wuri ne mai sanyaya ido ga wanda ya saba da duwatsun Makka. Ga dabino, ga lemun tsami, ga kuɓewa da kankana, ruwa yana bin 'yan ƙananan hanyoyi tsakanin gonaki. Muka tsaya a wata rumfar gahawa mai gadajen igiya, muka karya da wake da man shanu. Shayinsu dai, a matsayina na mai sana'ar, ba zan yabe shi ba: warin hayaƙi, ganye kaɗan, sukari kamar ana jin tsoronsa, kuma ya fi na Makka tsada. Daga nan hanya ta ƙare, sai sawun motocin gawayi a cikin rairayi da tsakuwa, muna ta gware da juna har rana ta ɗaga sosai.

Ba sai an gaya wa mutum ya iso harra ba. Ƙasa ce take tafiya ja-ja, sai kawai ta yanke, baƙin dutse ya fara, iyakar ganinka. Ba gida, ba inuwa, sai ƙaya jefi-jefi. Da lorin ya tafi, shirun wurin ya sa har muryarmu muka rage. Tudun yana can gaba, kamar an kifa akushi. Kawu ya dube shi ya yi tsaki.

"Wannan ne dutsen? Wallahi Jabal Nur ya haife shi ya yaye."

A nan muka yi kuskuren da sai ɗan Makka zai yi shi. Duwatsunmu sumul suke, takalmin fata yana zamewa a kansu, don haka duk wanda ya saba kai baƙi Jabal Nur ko Jabal Saur ya san abu na farko shi ne a tuɓe takalmi. Ko shawara ba mu yi ba, hannu ne ya yi abin da ya saba. Ni da tela muka rataya namu a wuya. Kawu ya tura nasa ƙarƙashin wani dutse, ya ce ya same shi in an dawo.

Ban yi nisa ba na gane wannan dutsen wani iri ne. Ba shi da nauyi, duk jikinsa huji-huji, amma kowane gefe kaifi ne kamar fasasshiyar kwalba. Na zauna na mayar da takalmina, tela ma haka. Na ɗaga murya na ce wa Kawu ya dakata in koma in ɗauko masa nasa.

"Ya walad, kai yaro," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba, "ƙafar da ta taka farfajiyar Harami da azahar shekara da shekaru ita za ka saya wa tsoro? Yalla, maza ku taho."

Na ƙyale shi, don mutum ba ya jayayya da kawunsa a kan ƙafar kawun. Ya wuce gaba yana tsokanar tela, yana tambayarsa ko jirgin Sudan yana hawa nan.

Hawan ya fi yadda muka zata. Daga gindin tudun duwatsun suka koma 'yan ƙanana masu gangarowa, ka taka sama su dawo da kai ƙasa. Zafi yana dukan ka ta sama, yana kuma tasowa daga ƙasa. Muka riƙa kurɓar ruwa muna lallaɓa salka. Wajen rabin hanya na lura Kawu ya daina ba'a, na ɗauka numfashi yake tattali. Baƙin dutse ba ya nuna jini, shi ya sa ina bayansa ina taka inda ya taka amma ban ga komai ba.

Da muka kai sama iska ta buge mu. Bakin dutsen rami ne mai faɗi, zagayayye, unguwa guda za ta zauna a ciki. Ƙasansa fari-fari ne, da 'yan ciyayi da kashin awaki. Ba wuta, ba ƙara. Tela ya leƙa ya ce ko hayaƙin taba babu, a mayar masa da wahalarsa. Ni kuwa gaskiya wurin ya cika mini ido. Daga can kana ganin hanyar da aman ya bi, ya malala ta kwari ya yi rassa, kamar an kifar da tukunyar kunu ta bushe. Na tsaya ina tasbihi, ina jin daɗin cewa na zo.

Juyowar da zan yi in kira Kawu ya gani, sai idona ya sauka a kan farin rairayin da iska ta tara a bakin ramin. Sawun ƙafa ne a jere, kowanne ja. Na bi su da ido. Kawu yana zaune a gefe ya lulluɓe ƙafafunsa da bakin riga. Da ƙyar ya bari na buɗe. Ta dama ta tsage daga gindin babban yatsa har tsakiyar tafi, ta hagu kuwa dunduniyar cike da 'yan tsinin dutse. Tun a ƙasa ya yanke.

"Kawu, me ya hana ka faɗa?"

"In na faɗa ku ce tsufa ne," ya ce. "Gobe a teburinka a ji, jibi shugaba ya ji."

Muka wanke da sauran ruwan. Tela ba ya rabuwa da allura a hularsa, da ita ya riƙa ciro tsinin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yage rawaninsa ya naɗe ƙafafun tam. Kawu ya yunƙura zai miƙe, ya koma ya zauna. Ba wata dabara sai goyo.

Ni na fara goya shi. Ban taɓa ɗaukar abin da ya fi tiren shayi ba, ga gangara, ga dutse yana gudu a ƙarƙashina. Kawu yana bayana yana ba da umarni: in rage tsawon taku, in sassauta gwiwa, kada in dubi ƙafata, in dubi inda za ta sauka. In na gaji tela ya karɓa, shi ma a yi masa karatun. Haka muka yi ta yi har muka kusa sauka. Sai ya yi magana a hankali kusa da kunnena.

"Ashe haka suke ji. Kullum ina mamakin tsofaffin nan, muna ɗauke da su suna ba mu haƙuri. Ashe kunya ce."

Na gyara shi na ci gaba. Takalmin nasa ma ba mu gane dutsen da yake ƙarƙashi ba, duk kamarsu ɗaya.

Mun makara ƙwarai. Tun daga nesa muke jin direba yana danna oda yana surfa mana zagi da Larabci. Da ya ga abin da muke ɗauke da shi sai ya sauko da kansa ya zaunar da Kawu a gaban mota. Ni da tela muka hau kan lodin gawayi. A Wadi Faɗima muka yi magariba, muka shigo Makka ana kiran isha'i. A duk hanyar tela bai ambaci jirgi ba.

Matar Kawu ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta dubi naɗin, ta ɗora ruwan zafi. Washegari wanzami ya zo ya duba, ya ce yankan ya taɓa jijiya, kada ƙafar ta taka ƙasa sai bayan an sauko daga Mina, bayan nan kuma sai abin da Allah ya yi. Da na raka shi waje ya girgiza kai, ya ce mini tafiya dai Kawu zai iya yi, amma ɗaukar kaya kada mu sa rai. Wannan ban gaya wa Kawu ba.

Labari bai kwana biyu ba ya kai ga shugaban 'yan dako. Ya zo dubiya, ya sha shayi, ya ce ma'alesh, wato a yi haƙuri. Ya ce shi ba ya son ya cire tsohon abokinsa, amma shibriyya ba ta tafiya da kai uku. Hanya ɗaya ce, kamar yadda aka saba: in wani na gidan ya riƙe kusurwar, tana nan da sunan mai ita. Kawu ba shi da ɗa namiji. Na ce zan riƙe. Teburin shayi na bar wa maƙwabcina har a gama haji.

Wanda ke sha'awar zuwa harra ba zan hana shi ba, wuri ne da ya kamata ido ya gani. Amma ya bari sai da sanyi, ya sa takalmi mai tafin taya, ya ninka ruwa, ya kuma ɗauki Badawin wurin ko da ya haddace duwatsun Makka kaf. Ni abin da na koyo shi ne sanin dutse ɗaya ba sanin duwatsu ba ne, kuma uban tafiya wani lokaci sai ya saɓa wa babba. Da na koma na ɗauko takalmin nan ko yana zagina, da iyakarta zagi. Abin yana damuna ƙwarai.

Jiya ne ranar fitata ta farko ɗaukar shibriyya. Na biya in gai da Kawu da safe, na same shi a zaune ya miƙe ƙafa a kan matashi. Ya sa hannu ƙarƙashin tabarma ya ciro gammonsa, tsohon tsumma da ya naɗe ya ɗinke da kansa, ya yi baƙi da gumi. Ya ɗora mini a ka, ya juya shi, ya danna, har ya zauna daidai.

"Aro ne fa," ya ce. "Bayan Mina ka dawo mini da abina."

Na ce, "To, Kawu." Na yi sauri na fita don kada ya ga fuskata.