Gadon da Aka Zaɓa wa Kakata

Shekaranjiya maƙwabciyata ta ɗora sabuwar tukunyar ƙasa a wuta, tana so ta gasu kafin ta fara dahuwa a ciki. Ƙanshin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. In ba ka taɓa jin ƙanshin yumɓu mai zafi ba, ban san yadda zan kwatanta maka shi ba. Na dai ajiye faifan, don ɗakin kakata ne ya dawo mini gaba ɗaya.

A wani ƙauye kusa da Daudawa na tashi, kuma tun da aka yaye ni a ɗakin kakata ta wajen uba nake kwana. Rabin ɗakin gadonta ne, gadon ƙasa. Da hannunta ta gina shi tun tana amarya, da jar ƙasar bakin rafi da ta kwaɓa da ciyawa, ta daɓe samansa ta shafe da makuba har yana ƙyalli kamar bayan ƙwarya. Tsayinsa bai wuce gwiwar babban mutum ba. A gefe akwai wata ƙofa ƙarama inda ake zuba garwashi. Lokacin ɗari, kafin magariba, za ta aike ni in kwaso garwashin ƙirya daga murhu, ta tura shi ciki da sanda, ta toshe bakin da katanga ta fasasshiyar tukunya. Kafin mu gama cin tuwo gadon ya ɗauki ɗumi, kuma har asuba ba ya hucewa.

Kakata tana da sanyin ƙashi. Da rana takan yi tafiya tana dafa bango, amma in ta kwana bisa ɗumin nan sai ta tashi garau, ta share tsakar gida, ta kaɗa audugarta. A kan gadon ta yi jegon 'ya'yanta duka. Matan gidanmu ma, in sun haihu, nan ake kawo su su gasa jikinsu.

'Ya'yanta maza biyu ne suka rayu. Babana ne babba, manomi, mai gero da dawa da ɗan fegin auduga. Ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, shi ya yi boko. A shekarun nan da kuɗin mai suka cika ƙasa, ya bar aikin gwamnati ya shiga kwangilar kwalbatoci a Kaduna. Ba a daɗe ba ya je Makka, ya sa haƙorin zinariya, ya sayi mota. Daga nan zaman gidanmu ya canza ba tare da kowa ya ce a canza ba. Da, in an taru, babana ke magana ƙanensa na saurare. Yanzu sai ka ga babana ya yi shiru yana wasa da tsinke a ƙasa, har shi ma yana ce wa ƙanen nasa Alhaji.

Wata kaka, bayan an gama yankan dawa, Baba Ƙarami ya zo da abokansa na birni su gaida tsohuwa. Suka shiga ɗakin da manyan riguna. Ɗaya daga cikinsu ya dubi gadon, ya dubi baƙin hayaƙin da ke bakin ramin, ya yi 'yar dariya ya ce shi ya ɗauka sai a gidajen Maguzawa ake ganin irin wannan. Bai san ya taɓa inda yake ciwo ba. Kakata 'yar Maguzawa ce daga dajin Sabuwa, ta musulunta kafin aurenta, kuma ba ta taɓa ɓoye asalinta ba. Ɗanta ne yake ɓoyewa. Na ga yadda fuskarsa ta ɗaure.

Sati bai zagayo ba ya dawo shi kaɗai. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ki shirya, Funtuwa za mu. Gado za ki zaɓa da kanki."

Ta ce, "Mi ya samu wanga da nike da shi?"

Ya ce ba abin da ya same shi, amma mutane na magana. Uwar mutum kamarsa ba za ta riƙa kwana a ƙasa ba. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce to, in gadon ya zo a ajiye shi a ɗaya gefen don baƙi. Ya ce a je dai tukuna.

Da ni aka tafi, don ni ce sandarta. Ranar ce na fara shiga ƙaramar mota, kuma ba zan ɓoye maka ba, murna nake yi. A Funtuwa muka tsaya gaban wata rumfar kwano inda aka jera gadajen ƙarfe a rana, shuɗi da kore da ja, wasu da madubai, wasu da zanen tsuntsaye a allon kai. Warin fenti da na walda ya cika wurin. Mai gadajen ya kawo wa kakata kujera, yana ta kiranta Hajiya, ita da ba ta taɓa wuce Katsina ba.

Ta ƙi zama. Ta bi gadajen ɗaya bayan ɗaya tana dafa kafaɗata, tana ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen kamar mai taɓa goshin marar lafiya. Can a ƙarshen layi akwai wani ɗan gadon katako, gajere, ba ado, wanda mai rumfar ke kishingiɗa a kai da rana. Ta zauna a bakinsa, ƙafafunta suka taɓa ƙasa. Ta ce, "In dai dole ne, wanga."

Mai gadaje ya yi dariya. Baba Ƙarami bai yi ba. Ya ce, "Haba Inna, wannan ai na masu gadi ne." Ya juya ya nuna wani dogon gado mai rumfa, shuɗi, mai madubai a kowace kusurwa, wanda in an ɗora masa katifa yakan kai ƙirjina. Ya ce a ɗaure shi.

Kakata ta ce, a hankali, "Ka ce ni za ni zaɓa."

Ya ce, "Ai kin gani da idonki. Shi ya fi duka."

Muka kama hanya, gadon na bin mu a baya cikin a-kori-kura.

Da la'asar muka iso. Tun daga zaure na ga tarin ƙasa a tsakar gida, ja da baƙi a gauraye, kaji na tono a kai. Na ɗauka gini ake yi. Kakata ce ta gane kafin ni, don na ji yatsunta sun nutse a kafaɗata. Ashe tun kafin mu tashi Baba Ƙarami ya bar magina da buhunan siminti a bayan gida. Muna fita suka shiga da diga, suka rushe gadon. Ɗakin ya zama fili, an shafe ƙasan da siminti ɗanye, yana wari kamar rijiya. Babana na tsaye a gefe da ƙasa a gaban rigarsa. Shi ya nuna musu inda za su fara sara.

Kakata ba ta yi kuka ba. Ta dubi babana ta ce, "Kai ma?" Ya sunkuyar da kai ya ce Alhaji ne ya ce. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki wani guntu daga ɓaraguzan saman gadon, mai santsin nan, ta jujjuya shi, ta mayar inda ta ɗauko.

Da simintin ya bushe aka kafa sabon gado. Unguwa duka ta zo kallo. Mata na leƙa fuskarsu a madubai suna cewa tsohuwa ta haifu. Aka kira mai hoto daga Ƙanƙara, aka ɗaga ta aka ɗora a tsakiyar katifa, ƙafafunta na lilo kamar na yarinya. Baba Ƙarami ya tsaya a gefe ya dafa ƙarfen. Washegari ya koma Kaduna.

Ta gwada kwana a kai, don kada a ce ta raina kyautar ɗanta. Aka juya turmi ya zama matakinta. Wayoyin gadon sukan lotsa a tsakiya, sai ta tashi bayanta a ƙage. Ƙarfen kuwa in ɗari ya sauka, taɓa shi kamar taɓa ruwan randa ne. Mukan ajiye kaskon wuta a ƙarƙashi, amma ɗumin ba ya ratsa katifa, hayaƙi kawai muke sha. Wata asuba ta sauko za ta yi alwala, turmin ya goce a kan santsin siminti. Ƙarar faɗuwarta ce ta tashe ni. Mai ɗori ya zo ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙashin ƙugu ne, kuma na tsohuwa.

Daga ranar a ƙasa take kwance, a tabarma bisa siminti, a gindin gadon da ba ta ƙara hawa ba. Sanyi ya riƙa shigarta ta ƙasa har tari ya kama ta. Ta roƙi babana ya gina mata ko ɗan ƙarami a kusurwa. Ya ce, "Inna, in Alhaji ya zo ya gani fa?" Na ji wannan da kunnena, kuma na daɗe ban iya kallon fuskar babana ba.

Mahaifiyata ce ta gaji da jira. Ba ta nemi izinin kowa ba. Muka riƙa ɗebo jar ƙasa daga rafi a ƙwarya, ni da ita, muka fara gini a tsohon ɗakin da ake ajiye ƙaiƙayi. Kakata na kwance tana gaya mana yawan ciyawar da za a zuba da yadda ake barin hanyar wuta. Kullum sai ta tambaya ko ya sha iska. Irin wannan gado ba a sa masa wuta sai ya bushe har ciki, in ba haka ba ya tsage. Yana da sauran danshi kakata ta rasu.

A zaman makoki na riƙa kai ruwa zaure, ina jin abin da ake faɗa. Kowa ya zo sai ya yi wa Baba Ƙarami addu'a, a ce ya gama wa uwarsa komai, har gadon da matar hakimi ba ta da irinsa. Yana kuka, kuma kukan gaskiya ne. Har ya bar duniya bai taɓa tunanin ya yi mata wani abu ban da alheri ba. Wannan ya fi komai yi mini ɗaci, don ban sami wanda zan riƙe da laifi ya san laifinsa ba.

Yanzu gidan ba kowa. 'Yan bindiga sun watsa ƙauyen, muna warwatse a garuruwa, kuma ban san mace ɗaya da ta rage wadda ta iya gina gadon ƙasa ba. Ni ce tsohuwar yanzu, gwiwoyina sun fara ba ni labarin sanyi tun kafin ya iso. 'Ya'yana suna da kirki. Sukan zo su zauna kusa da ni su ce, "Mama, me kike so a sawo miki?" Nakan buɗe baki in fara faɗa, sai in ga idonsu na kan waya, sun riga sun nuna wa juna hoton abin, har an ce gobe za a kawo.