Ta Goma a Hotonmu

Mu tara ne a tsakar gida ranar: kakanmu a kan kujera, kakarmu a gefensa, Baba, Inna da cikinta wata takwas, baffana da matarsa, yayyena maza biyu, sai ni a kan tabarma. Ban yi makaranta ba, amma ƙirga ba ya gagara ta. Tara muke. Ku riƙe wannan.

Damina ce, gero ya fitar da kai, ƙasar Unguwar Tudu tana ƙamshin ruwan da aka yi da asuba. Mai hoton ya zo a keke daga Gwarzo, wani siriri mai yawan tari, yatsunsa sun rine da maganin wanke hoto, jikinsa na wani wari mai tsami. Kakanmu ya yi masa izinin shigowa, abin da ba ya yi wa baƙon namiji. Kyamararsa irin wadda ake rataya a wuya ce, a leƙa ta sama. Ya jera mu, ya ce kada kowa ya motsa, ya danna, ya sha fura, ya tafi.

Bayan mako guda Baba ya karɓo hoton. Muka taru a kansa. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Goma.

A bayan Inna ga wata mace tsaye da farin mayafi, ita ma da tsohon ciki. Ana hango katangar gidanmu ta cikin jikinta. Hannunta ɗaya ya sauka daidai kafaɗar Inna.

Kakarmu ta karɓe shi daga hannunmu. Ta kife hoton a ƙasa, ta ɗora ƙwarya a kai. Amma Inna ta riga ta gani. Daga ranar ta daina cin abinci sai an matsa mata, tana cewa kafaɗarta ta hagu ta yi nauyi.

Baba ya je ya taho da mai hoton. Mutumin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce laifinsa ne. Da safen nan ya ɗauki wata mata a Gammo, mijinta ne ya kira shi, sai ya manta bai murɗa fim ɗin gaba ba, hoto biyu suka hau wuri ɗaya. Kakanmu ya yi ajiyar zuciya, ya ce ashe mutum ce, to a roƙe ta ta zo surukarsa ta gan ta da ido, hankalinta ya kwanta.

Mai hoton ya sunkuyar da kai a gaban kakanmu. "Baba, kwana uku da ɗaukarta ta rasu wajen haihuwa. 'Yar ce ta rayu."

Inna tana bakin ƙofar ɗaki, ta ji.

A gidanmu ba a yar da gashi ko farce, binnewa ake yi. Kakarmu ta ce haka za a yi wa hoton, tunda ƙona shi ba zai yiwu ba da fuskokinmu a jiki. Ta naɗe shi a tsumma ta ba ni, don ni ce marar surutu a gidan, ta ce bayan rumbu, kuma kada in buɗe.

Na haƙa ramin, kuma na buɗe. Da na ƙura mata ido ni kaɗai, ban ga abin tsoro ba. Mace ce mai kunya da ta sa kayanta mafi kyau. Sai na ji ba zan iya tura mata ƙasa karo na biyu ba. Na binne tsumman, hoton kuma na ɓoye shi a gwangwanin 'yan kunnena.

Inna ta haifi ƙanena lafiya, kafaɗa ta sake ta, kowa ya ce binnewar ce ta yi magani. Bayan arba'in sai ga mijin matar a zaure. Ya ce mai hoton ne ya ba shi labari, shi kuma ba shi da wani hotonta, kuma wata rana yarinyar za ta tambayi kamannin uwarta. Kakarmu ta aika aka ce masa an binne. Ina bayan katanga ina ji. Na san in na yi magana Inna za ta san matar ba ta ƙarƙashin ƙasa, nauyin ya dawo mata. Na yi shiru.

Bayan na yi aure har na haifi uku, sai na ga matar hoton a kasuwar Kabo, da farin mayafi, tana auna gyaɗa. Na tsaya a gabanta ina kallonta. Da ta ɗago ta ce, "Yaya, mudu nawa?" sannan na gane 'yar ce. Shekara da shekaru ina sayen gyaɗarta ban faɗa mata ba. Da farko don Inna, da Inna ta rasu kuma don kunya.

Makon jiya jikata ta tono gwangwanin a ƙasan akwatina. Yaran yanzu ba su san a bar abu inda aka gan shi ba. Su ne masu ɗaukar hoto ɗari su goge kafin la'asar, ba su san hoto guda yana iya zama duk abin da ya rage na mutum ba. Jikar tawa ta ɗauki hoton da waya, ta buɗe shi da yatsu biyu. Takwas daga cikinmu sun riga mu gidan gaskiya, kuma fuskokinmu duka tara sun koɗe, har tawa. Ta matar kuwa tana nan.

"Hajiya, wace ce wannan? Ita kaɗai ake gani sosai."

Na ce ba tamu ba ce, ajiya ce. Na kuma tuna an ce mai gyaɗar ta daina zuwa kasuwa, yanar ido ta fara rufe mata gani.

Washegari da na idar da sallah na naɗe hoton a sabon ƙyalle, na sa aka kai ni Gammo a babur. Na same ta zaune a bakin ɗakinta. Ban bari gaisuwa ta yi tsawo ba, na sa mata shi a hannu.

"Ga mahaifiyarki. Tun ina yarinya take wurina."

Ta juya wajen haske, ta kawo shi dab da idonta, ta daɗe. Sannan ta tambaye ni wace ce wannan da ta dafa. Na ce Innata ce.