Takardar da Na Ƙunshe Irin Kuɓewa a Ciki

Ko na manta komai a duniya, ba zan manta ranar da muka buɗe akwatin maigidana ba. Ban yi boko ba. Matar fastonmu ce ke rubuta mini, ina faɗa ina share ido, don har yau in na ambaci mutumin nan sai hawaye ya zo.

'Yata ta fari ta shekara tara tana aikin atanda a wani asibiti a Malumfashi. Ita ce gyaran gado, ita ce wanke majinyaci, ita ce kwashe fo. Wata babbar Sista ta lura da hannunta, ta ja ta a jiki, tana nuna mata awon jini da wankin ciwo. Da aka buɗe hanyar da irinsu za su koyi aikin nas suna bakin aikinsu, rabi a aji rabi a ɗakin majinyata, Sistar ta tsaya mata har sunanta ya fito. Abu ɗaya ya rage, ta kai takardarta ta gama sakandare, ta asali, ranar Juma'a. In ba ta kai ba, a ba wata gurbin.

Ranar Laraba da hantsi 'yar tawa ta sauka garinmu Gozaki. Babanta ne ke ajiye takardun gida a akwatin katako, kuma tun da muka binne shi lokacin kaka na hana kowa taɓa akwatin. Muka jawo shi daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga murfi, sai jar ƙasa. Gara ta shigo ta ƙasa ta cinye komai, har takardar aurenmu. Yarinyar nan ta zauna daɓas, tana tona ƙasar da yatsa. Ta ce sabuwa sai an yi watanni ana nema.

"Mama, shi ke nan," ta ce. "Shekara tara."

Ba ta yi kuka ba, ni na yi. Ina cikin kukan sai na tuna sau ɗaya na taɓa buɗe akwatin. Kwana kaɗan bayan jana'iza na tarar da irin kuɓewar da maigida ya zaɓa da hannunsa, ya shanya a faifai bai kai ga adanawa ba. A wajenmu ƙunshe iri ake yi, a sa a tulu, a zuba toka, a liƙe bakin da laka har damina. Na shiga akwatin neman abin ƙunshi, na shafa takardun, na zaɓi wadda ta fi kauri da santsi. A idona duk rubutu ɗaya ne.

Kunya da tsoro suka kama ni. Sai kawai na je rumbu na ɗauko tulun, na fasa lakar a gabanta. Ta kwance ƙunshin, iri ya zube a zaninta, ta hure tokar, ta tsura wa takardar ido. Ga sunanta, ga hatimi. Toka ta hana gara isa.

"Mama, da sakandarena kika ƙunshe kuɓewa?"

Na ce, "To irin babanki ne. Da wace zan ƙunshe, da ta ƙosai?"

A nan ta fashe, dariya da kuka a haɗe, muka riƙe juna. Ta shimfiɗa zani a kan takardar, ta goge ta da dutsen guga na gawayi har ta miƙe. Ranar Juma'a aka karɓa. Ta ce Sista ta shinshina ta tambayi dalilin warin toka, da ta ji labari sai ta ce a gaishe ni, tana jiran miyarta.

Yanzu nas ce cikakkiya. Duk wata takan zo da farin kayanta ta auna mini jini, ta yi mini faɗan gishiri. Babanta bai ga wannan ba, shi ne abin da ke cina. Amma kuɓewarsa ta fito, kuma har bana irinta nake shukawa.

Na koyi cewa Allah yakan tsare bawa har ta hanyar kuskurensa. Duk da haka, tun ranar ban ƙara ƙunshe komai da takarda ba sai na nemi mai karatu ya duba.