Hancin Pankajam

Pankajam ba ta taɓa fitowa a fim ba, kuma gara haka, don ko a ƙuruciya fuskarta ba ta tsayar da mota. Muryarta ce ta fito. A ɗakunan ɗaukar sauti na Kodambakkam, nan Chennai, ta cinye shekarunta: a ɗauko kyakkyawa daga arewacin Indiya wadda ba ta jin yaren Tamil, ta yi ta motsa baki, Pankajam ta zuba mata magana. Sunanta bai taɓa hawa allo ba. Amma kowa ya san dariyarta, mai ƙarewa da gurnani ta hanci kamar tunkiya ta shaƙi barkono. A finafinan soyayya da barkwanci, in saurayi ya zame ya faɗa kwata yana tsakiyar rawa, gurnanin nan ne ke sa silima ta kaure.

Tsufa ya zo, haƙora sun tafi. Ran nan maƙwabciya ta miƙo mata waya, wai wata ƙungiya ta kwashe tsoffin finafinai ta zuba a intanet don kada su ɓace. Suka buɗe wanda ta fi so. Saurayi ya faɗa kwata, jaruma ta wangale baki, dariya ta fito sumul, ta yanke. Babu gurnani.

Washegari ta hau adaidaita har ofishin ƙungiyar. Aka nuna mata Ilango, mai gyaran sauti, wani ƙato mai gemu.

"Kai ne ka yanke min hanci?"

"Kaka, wane hanci kuma?"

Da ya gane, ya yi bayani a ladabce. Faifan ya tsufa, sautin duk ƙaraf-ƙaraf, sai suka ba na'ura ta wanke. Na'urar kuwa ta ɗauka gurnanin datti ne.

"To, na'ura ba ta da hankali. Kai fa? Kunnuwan nan na rataya tabarau ne?"

"Ban taɓa ganin fim ɗin ba, Kaka. Lokacin ba a haife ni ba."

"Da ka zauna inda kake. Ɗauko faifan a mayar."

Ya sosa gemu. Faifan ya riga ya fara narkewa, yana warin tsami, suna gama kwafa aka zubar. Wankakken kawai suka ajiye.

Ya kawo mata kofi, ta ture. Ya ce to ta zauna gaban makirufo ta sake yi, zai liƙa. Ta zauna tana huci. Ta ja numfashi, ta buɗe baki, abin da ya fito tari ne. Ta sake, tari. Ilango ya ɗora a kan hoton don a gani: yarinya sharaf da furanni a ka, tana tari irin na tsohuwa mai majina. Ya cije leɓe.

"Yi dariyarka, jikana, kafin a wanke maka ita. Goge wannan."

Ya goge. Ya ce aƙalla zai sa sunanta a ƙasan fim ɗin.

"Ka rubuta me? Ga matar da muka share?"

Ta naɗe zanen sarinta ta fice. Fim ɗin yana nan a intanet, masu kallo suna ta yabon jarumar, wai dariyarta akwai kunya da tarbiyya. In an kunna shi a gidansu, Pankajam takan zauna har saurayi ya fara rawa, sannan ta tashi ta shiga kicin tana buga tukwane.