Diddigen Halidu da Na'urar Gindin Kuka

Shekara ashirin da shida Halidu ya yi yana riƙe da makullin bariyar ruwa, a wani ƙauye kusa da Garhanga, kan jar hanyar da ta taso daga Keita ta nufi Bouza. Bariyar dai dogon ƙarfe ne da ake gittawa in an yi ruwa, don kada kamiyo, manyan motocin kaya, su taka ƙasa tana jiƙe su tone ta. Halidu bai yi lakwal ba, wato boko, ma'auninsa diddige ne. Ruwa na ɗaukewa sai ya fita ba takalmi, ya danna diddigensa a tsakiyar hanya. In ya bar shaida, to ƙarfe ya gitta ke nan, ko kamiyon uban wa ne. Direbobi sun zage shi, sun roƙe shi, sun miƙa masa goro, duk a banza. Hanyar nan kuwa ita ce abin alfaharinsa a duniya, ya fi kula da ita a kan gonarsa.

Aibinsa ɗaya, raini. In ya raina mutum ba ya musu da shi, sai ya taɓe baki ya zuba masa ido. Matarsa Biba ta sha gaya masa cewa shirun nan nasa ba haƙuri ba ne, girman kai ne tsagwaronsa. Ita ma taɓe mata baki yake yi.

Wata bazara, ana tsakiyar zafi, sai ga farar mota kat-kat ta tsaya a bariyar. Wani injiniya ya fito, Ridwan, saurayi fes da shi, da tabarau da takalmin da bai san laka ba. Ya ce an kawo na'urar da za ta riƙa auna ruwan sama tana aika labari biro, wato ofishinsu, daga can a gaya wa mai bariyar ya rufe ko ya buɗe, kuma da ita za a san inda za a tura motocin gyara. Wuri yake nema mai sarari, mai rezon waya, wanda ɓarayi ba za su kwance fanon hasken rana ba.

Kafin ya rufe baki Mahfuzu mai shago ya iso. Mahfuzu fa! Ba a taɓa kawo proje, aikin raya ƙasa, garin nan ba, ko na rijiya ko na allurar awaki, da bai tsaya a gaban hoto ba. Faransancinsa duka bai wuce "wi, wi" ba, amma da shi ya ja injiniya har ƙofar shagonsa, gindin wata tsohuwar kuka. Ya rantse shi zai yi gadi, a ɗora fano a rufin shagonsa. Kowa ya san cajin salula yake hange. A hanya har ya kwaikwayi yadda Halidu ke danna diddige, mutanen kat-kat suka kwashe da dariya.

Ridwan ya ɗaga kai, ya ga rassa tsirara, sama tarwai ta tsakaninsu. Akuyar garin ma ta san kuka ba ta zama haka, da ruwan fari za ta rufe da ganye. Halidu kuma ya san inda ya dace: faƙon da ke kan tudu kafin a gangara ƙorama, ba itace ko ɗaya, kuma nan hanya ta fi saurin lalacewa. Yana tsaye, dariyar nan ba ta bar kunnensa ba, sai injiniya ya juyo cikin ladabi.

"Baba, kai da ka daɗe bisa hanyag ga, nan ya yi?"

"Ku ne masu karatu, Mushe," in ji Halidu, kamar yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci.

Ya juya ya koma bakin ƙarfensa, yana cewa a ransa bari su gani. Ridwan kuwa ya ɗauka amincewa ce, ya rubuta.

Damina ta sauka, kuka ta yi ganye luf, har matan Mahfuzu suna tsinkar na miya. Halidu kan wuce ya ga na'urar tsaye a inuwa kamar baƙon da aka manta da shi, ya yi murmushin mugunta ya wuce. Biba ta ce ya kira biro ya faɗa musu. Ya ce shi ba malamin injiniyoyi ba ne.

Wata Alhamis cikin Agusta, bayan azahar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, Halidu ya danna diddige, ya nutse har idon sawu. Ya rufe bariyar. Kamiyo huɗu cike da siminti suka yi layi, mai kayan ya kira biro, shef, shugaban biron, ya kira Halidu ya ce na'ura ta nuna yayyafi ne kawai, ya buɗe. Sai a lokacin bakin Halidu ya buɗe, yana ta bayanin kuka da ganye da faƙo. Shef ya katse shi, ya ce ga takarda a gabansa, an rubuta cewa mai bariyar ya amince da wurin. Tunda ya ƙi bin umarni, ya miƙa makulli ga mai gadin na'ura.

Mahfuzu ya zo da lema, ya ɗage ƙarfen yana ɗaga wa direbobi hannu sai ka ce gwamna. Kamiyo biyu suka wuce suna yanka hanya, suna watsa jar laka. Na uku ya kafe a gangaren ƙorama, tayoyinsa suka nutse har gatari, ya kwana tara a nan, motocin da ke kewaye shi suka ƙarasa abin da ya rage. Yanzu mai zuwa Bouza sai ya sauka ya tura.

Maigari ya aika a zo a gyara. Amsa ta dawo cewa awo bai nuna an yi wani babban ruwa a yankin ba, an tura motocin gyara inda aka fi buƙata.

Halidu bai daina fita ba. Kullum da safe yakan bi hanyar ba takalmi, ya tsaya a ramukan da suka kai gwiwa, ya daɗe. Yana zagin Mahfuzu, yana zagin masu tabarau, kuma duk sun cancanta. Amma wata safiya da ya dawo, Biba ta ajiye masa fura, ya zauna yana kallon lakar da ta bushe a ƙafarsa.

"Yaron nan injiniya ya tambaye ni, Biba," ya ce. "Baba ma ya ce mini."